Gwaggon da Ta Bar Gyaɗa Saboda Ni

Ranar sadakar ukun Gwaggo ina zaune cikin mata a tsakar gidanta a Kurugu, sai wata matashiya da ta shigo gaisuwa ta tambayi ta kusa da ita a hankali, "Nan ne gidan mai daddawa, ko?" Aka ce mata nan ne.

Iya, aminiyar Gwaggo wadda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ta ɗago kai daga carbinta. "Mai daddawa," in ji ta. "Ku da haka kuka san ta. Mu da mai ƙuli muka san ta. Daga nan har kasuwar Karaye babu wadda hannunta ya kai nata wajen fitar da mai." Matan da ba su kai shekara arba'in ba suka kalli juna. Babu wadda ta taɓa jin haka a cikinsu.

Can wata Bafulatana daga rugar da ke bayan gari ta shigo da 'yarta budurwa. Ta durƙusa ta yi mana ta'aziyya, sannan ta nuna yarinyar ta ce tun tana goye jikinta ke fashewa da ƙuraje, an sha magani an gaji, marigayiya ce ta ce a daina ba ta ƙwai a gani. Ta faɗi wani abu da Fulatanci, Iya ta amsa mata da amin.

Da na fita ƙofar gida gaishe da Baba, mahaifina, na same shi a gefen tabarma, ya ɗan ware daga sauran maza. Shi ne ƙanen Gwaggo, su biyu suka rage a ɗakinsu. Na ce, "Baba, ya ƙarin haƙuri?" Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ita kaɗai ta rage mai kiran sunana gatsal. Yanzu kowa Malam zai ce."

A hanyar komawa birni na yi ta tuna fuskokin matan nan da ba su san Gwaggo ta taɓa yin ƙuli ba. Na ga in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru babu wanda zai san me ta bari, da wanda ta bari dominsa.

A Beli aka haife ni, ta wajen Rogo, a gidan manomin gyaɗa. Buhunan gyaɗa a zaure, harawa a kan rumfa, man gyaɗa a miya, ƙuli a aljihun kowa. Tun da aka yaye ni nake fama da abin da ake kira borin jini. Jikina ya tashi rudu-rudu, leɓena ya kumbura, wani lokaci ƙirjina ya riƙa fito kamar sarewa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi jiƙe-jiƙe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne.

Gwaggo takan zo daga Kurugu lokacin kaka ta sayi gyaɗa wajen Baba. Wani zuwa ta ɗauke ni ta yi mini wasa, bayan ta ajiye ni sai ta ga shatin yatsunta ya taso ja a bayana. Ran nan da safe ta matse mai kafin ta taso. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta koma gida, ta yi kwana uku ba ta taɓa gyaɗa ba, ta dawo ta ɗauke ni, ba abin da ya faru. Sai ta karɓi ɗan man gyaɗa wajen mahaifiyata ta ɗiga mini a hannun dama, ta shafa man shanu a na hagu, ta zauna tana kallo. Na dama ya tashi, na hagu yana nan lafiya lau.

Yau aikina ke nan, gwaji. Na yi shekaru ana koya mini cewa in za ka gwada abu dole ka ajiye wani a gefe wanda za ka auna da shi. Gwaggo ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba.

Baba bai yarda ba. "Yaya, gyaɗa fa," in ji shi. "Abin da muka ci muka girma? Wa ya taɓa jin gyaɗa ta yi wa mutum illa a ƙasar nan?"

"Ni ma ban taɓa ji ba," in ji Gwaggo. "Amma na gani."

Ba na son a ɗauki Baba mugu. Mutum ne mai son 'ya'yansa, kuma a wurinsa hana yaro ƙuli kamar hana shi ruwa ne. Wata ranar kasuwa ya dawo da hantsi, na ruga na tare shi, ya sa hannu a aljihu ya gutsuro mini ɗan ƙuli. Ina da shekara huɗu. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙarar babur, da hannunsa ɗaya da ya danne ni a ƙirjinsa, da yadda nake neman iska ina rasawa. A asibiti a Rogo aka yi mini allura, numfashi ya dawo. Ma'aikacin da ya duba ni ya tambayi abin da na ci, ya ce wa Baba kada a ƙara, na gaba yana iya fin wannan.

Washegari Gwaggo ta iso. Daga baya na ji mahaifiyata ce da kanta ta aika mata. Ta shiga ɗaki, ta goya ni duk da na wuce goyo, ta fito ta tsaya gaban Baba. "Ba za ka daina noman gyaɗa ba, kuma ban ce ka daina ba, da ita kake ciyar da gida. Amma wannan na tafi da ita." Mahaifiyata tana kuka tana ɗaure kayana a zane. Baba ya matsa ya ba ta hanya.

A lokacin mijin Gwaggo ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun bi shanu sun yi kudu, da sana'ar ƙuli take riƙe kanta. Cikin mako guda ta raba kanta da ita. Turmi da taɓarya da babban kasko ta ba Iya, da sharaɗin a can ƙuryar gidanta za ta riƙa suya, nesa da katangarmu. Ta sa aka kankare ƙasar madafi aka zuba sabuwa. Zannuwan aikinta ta ƙone su. Iya ta ce mata, "Ki riƙa yi a gidana mana, ki yi wanka ki koma." Gwaggo ta ce, "Wata rana zan yi sauri in manta da farce ɗaya."

Sai ta koma daddawa, wadda ba ta iya ba. Wata tsohuwa ce ta koya mata, kuma tukwanen farko duk zubar da su aka yi. Aiki ne mai cin jiki. A dafa kalwa yini guda, a surfa, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana uku ta ruɓa yadda ake so. Hannuwanta da suka saba da mai suka tsattsage. Gidanmu ya ɗauki wari, ni ma na ɗauka, 'yan ajinmu suka sa mini suna. Na dawo ina kuka na ce mata ni na gaji da warin daddawa. Ta ci gaba da kirɓinta ta ce, "Je ki yi wanka. Wannan warin ba ya toshe maƙogwaro."

Da Baba kuwa kaka biyu ta yi ba ta ce masa komai bayan gaisuwa. In aka ce mata gaba babu kyau sai ta ce, "Wace gaba? Ai ina amsa sallamarsa." Abin ya ƙare ne ranar da ya zo Kurugu, ya fara biyawa gidan Iya ya roƙi ruwa ya yi wanka, ya sa wata riga da ya zo da ita a leda, sannan ya tsaya a zaurenmu ya ce, "Yaya, a shigo?" Ta fita, ta kama hannuwansa biyu ta shinshina, ta duba farcensa. "Shigo," in ji ta. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka, ta zauna tana yi masa faɗan ya rame. Ba wanda ya ce a yafe, ba wanda ya ce na yafe. Tun daga ranar har na girma, Baba bai taɓa zuwa gidan ba tare da ledar rigarsa ba.

Gwaggo ba mai sauƙin zama ba ce. Harshenta da kaifi, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. In ta san ta ɓata maka, sai dai ka ga an aiko maka da kwanon dambu. A gidan biki ba ta zama sai ta shiga madafi ta tambaya, "Da wane mai aka yi?" In aka ce manja sai ta ce a nuna mata galan ɗin. Akwai gidajen da suka daina gayyatarta, ba ta damu ba. A jakarta kullum akwai ƙunshin abincina. Mata suka fara kawo mata yara masu ƙaiƙayi ko fuka. Ba ta ba da magani, tambaya take yi. Me ya ci, ina ya kwana, me aka shafa masa, akwai kaji a ɗakin? Sai ta ce a cire abu ɗaya, ɗaya tak, a dawo bayan mako biyu. In ta ga yaro yana jan numfashi da ƙyar takan katse maganar ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti yanzu."

Ita ta tsaya na yi karatu. Da na shiga jami'a na zaɓi ilimin garkuwar jiki, ta ɗauka likita zan zama. Da ta gane ba na duba marasa lafiya, sai ta laƙaba mini "likitar da ba ta duba kowa", kuma da haka take gabatar da ni ga baƙi.

Babbar rigimarmu a kan aikina ce. Na zo hutu, muna tsince kalwa a inuwa, ta ce in faɗa mata da Hausa abin da nake yi yini guda a ɗakin gwaji. Na ce mata a cikin jini akwai masu gadi, kuma suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai na furotin. Akwai ɗaya daga cikinsu, mu intalukin na huɗu muke ce masa, wanda a jikin mutane irina yakan kai rahoton ƙarya. Gyaɗa ta shigo, abinci ce, shi kuma sai ya zuga masu gadi su ɗauke ta abokiyar gaba, su tanadi makamai. Daga nan duk ranar da ta sake shigowa sai kumburi da ƙaiƙayi da toshewar ƙirji.

"Ɗan tsegumi ke nan," in ji Gwaggo. "To, kashe shi kuke yi?"

Na ce a'a, yana da nasa amfanin, shi ke taimakawa wajen yaƙar tsutsar ciki. Na ce ni aikina ƙera shi. Wanda ke cikin jini bai taka kara ya karya ba, ba ya isa a yi nazari, don haka mukan ɗauki umarnin da jikin mutum ke bi wajen haɗa shi, mu dasa a cikin ƙwayoyin bakteriya, mu yi kiwonsu a kwalba su riƙa yi mana shi.

Ta ajiye faifan. "Abin da ya kusa kashe ki, shi kike kiwo?"

"Gwaggo, ba ya shiga jikina. A kwalba yake."

"Na ƙone zannuwana, na bar sana'ata, don ki girma ki je ki zauna ɗaki ɗaya da shi?"

Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ta ambaci abin da ta bari. Ta tashi ta shige ɗaki. Na koma birni ba mu shirya ba. Wata biyu in na kira wayar Iya a ba ta, sai ta amsa gaisuwa ta ce tana da aiki a wuta.

Ciwon ido ne ya kawo ta birni. Bayan mun fito daga asibiti na ce wa mai adaidaita sahu ya biya da mu wajen aikina, na nemi izini na shigar da ita. Na sa mata farar riga a kan mayafinta, hannun rigar ya rufe yatsunta. Ta tsaya gaban injin da ke girgiza kwalabe cikin ɗumi, ta matso da hancinta kusa da murfin.

"Wannan ai ruɓa ce," in ji ta. "Kwana nawa?"

Na ce kwana ɗaya. Ta tambayi me ƙwayoyin suke ci, na faɗa mata. Ta tambayi yadda ake raba abin da ake so da wanda ba a so, na nuna mata yadda muke fasa ƙwayoyin, mu tace, mu sake tacewa. Ta ce, "Tunkuzar fa, ina kuke kai ta?" Na ce ƙonewa ake yi. Ta girgiza kai, wannan asarar ba ta yi mata ba. Sannan na buɗe firiza na ɗauko 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, na ɗaga mata a haske. A gindinta akwai wani farin gari da sai ka ƙura ido.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Shi ke nan. Aikin wata guda."

Ta daɗe tana kallonsa. Na ce mata mukan ɗiga shi a kan ƙwayoyin jiki da muke rainawa a faranti, mu ga yadda suke tashi, sannan mu gwada abin da zai tare saƙon kafin ya isa. Na ce faranti ɗaya mukan sa masa, ɗaya mu bar shi haka, don mu san bambanci.

"Hannun dama da na hagu," in ji ta, kamar da kanta take magana. Ta miƙo mini kwalbar. "Mayar da shi cikin sanyin. Rufe da kyau."

Bayan mako guda direban motar Karaye ya kawo mini kwanon dambu.

Daga nan duk wayar da za mu yi sai ta ce, "Ina labarin ɗan tsegumi?" Akwai lokacin da aikin ya ƙi. Wata da watanni furotin ɗin yana fitowa a dunƙule, ba ya narkewa, ba ya aiki, har na fara tunanin ajiye karatun. Na faɗa mata. Ba ta lallashe ni ba, ba ta iya ba. Ta ce, "Me kika canza? Ruwan, ko irin, ko zafin?" Na ce ban canza komai ba. Ta ce, "To canza ɗaya. Ni in ɗaki ya cika zafi, daddawa takan yi sauri ta lalace. Rage musu zafin, ki ƙara musu kwana." Ba zan ce ita ta gano ba, maganar tana cikin littattafanmu, kuma sai da na gyara wasu abubuwa biyu kafin ya yi. Amma gaggawa ta hana ni gwadawa sai da ta faɗa. Da na ba ta labari ta ce, "Ai na sani," ta wuce zancen tsadar kalwa.

Tambayar da ba ta taɓa daina yi ba ita ce ko mun samo maganin. Na faɗa mata gaskiya. A wasu ƙasashe akwai allurai da ke tare irin wannan saƙo, suna sauƙaƙa wa masu fuka da masu ƙaiƙayin fata, amma sun fi ƙarfin mutanenmu, kuma ni har yanzu ba zan iya cin gyaɗa ba. Namu ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. "To ku yi sauri," in ji ta. "Yaran nan ba jira suke ba."

A daminar da ta wuce jikinta ya yi rauni. Na ɗauki hutu na zo. Ba ta cin komai, cokali biyu ta kau da kai. Iya ta ja ni gefe ta ce, "In barci ya fara ɗaukarta, kunun gyaɗa take ambata. In ta farka na tambaye ta sai ta ce ƙarya nake yi."

Sai a ranar na san cewa ko bayan na bar gidan, shekara kusan ashirin, ba ta koma cin gyaɗa ba. Na shiga na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ina zan san ranar da za ki faɗo mini? Ke ba kya sanarwa."

Da safe na roƙi Iya ta niƙa gyaɗa a gidanta. Na ɗauko safar hannu da takunkumi daga jakata, na sa allurar gaggawata a aljihu, na hura wuta a madafin Iya. Ta ce in bari ta dama, na ce ta dai tsaya kusa ta faɗa mini abin yi. Ban taɓa dama kunun gyaɗa ba, ban san ɗanɗanonsa ba. Na tace, na zuba shinkafa, na jira, na sa tsamiya. Iya ta ɗanɗana ta ce ba laifi.

Da na shiga da kwanon, Gwaggo ta ji ƙanshin tun kafin ta buɗe ido. Ta dube ni, ta dubi safar hannun, ta yunƙura za ta tashi. "Ba ki da hankali? Ajiye. Fita. Je ki wanke har gwiwar hannu."

Na ajiye na fita. Na wanke da sabulu sau biyu, na dawo na tsaya a bakin ƙofa ta waje, Iya tana ciki tana tallafe da ita. Na kasa kunne. Sai na ji cokali ya taɓa kwano. Ya sake taɓawa. Na tsaya ina ƙirgawa a raina har na daina, don ya wuce abin da ta ci a kwana uku.

"'Yar nan," ta kira ni. "Kina nan?"

"Ina nan, Gwaggo."

"Numfashinki fa?"

"Lafiya lau."

"Ja in ji."

Na ja numfashi mai tsawo na sauke, yadda za ta ji daga ciki.

"To," in ji ta. "Tsamiyar ta yi yawa. Amma a ajiye mini sauran."

Kwana tara ta ƙara a duniya. Allah Ya yalwata mata makwanci kamar yadda ta yalwata mini ƙirji, Ya shayar da ita abin da ya fi wanda ta hana kanta.